Amsa: binciken gidajen haya a Kano lokacin korona

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya yin binciken cunkoso a gidajen haya ta waya kawai, kamar yadda aka koma yi lokacin korona. Za a iya, amma da gyara.

Da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020, zuwa gida-gida ya gagara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya ma ta waya suka riƙa bin magidanta, sai dai su suna da lambobin da suka tara tun binciken 2018 zuwa 2019. Kai da za ka fara daga tushe, ina za ka samo su?

Ko ka samu, wayar tana hannun maigida. Zai ce maka ɗaki uku ne, ba zai ce ɗaya yana yoyo ba, ko iyali biyar ke layin banɗaki guda da asuba. Wannan matan gida ne suka sani, su kuwa da wuya a miƙa musu waya su yi magana da baƙo. Idan ka shiga da ƙafarka, tun daga zaure za ka ga tabarmi nawa aka naɗe aka jingine.

Ga kuma batun tallafi. Da yawa sun ɗauka mai tambaya sunan masu karɓar abinci yake rubutawa, sai a ƙara yawan yara. Wasu kuma tsoron a kai su killacewa ya sa suka rage.

Ka nemi mace cikin masu kiran, ka kuma bi ta hannun mai unguwa tukuna.