Koɗewa, Kwanciyar Jini da Ƙanjamewa: Amsa Kan Wasu Siffofin Latin

Wani ɗalibin likitanci ya aiko daga Zariya: "Malam, littattafanmu cike suke da pallidus da lividus da luridus da tabes. Ƙamus ya ce mini wasu launi ne, wasu rama. Yaya zan faɗe su da Hausa in ina yi wa dangin majinyaci bayani?"

Ɗana, ajiye neman launi tukuna. Waɗannan kalmomi ba sunayen launi ba ne irin ja da kore. Kowace tana nuna cewa abu ya bar kamanninsa na lafiya, kuma yawancinsu daga aikatau suka fito. Pallere shi ne kasancewa a koɗe, pallescere fara koɗewa, pallidus koɗaɗɗe, pallor kuma koɗewar kanta. Haka livere ya haifi lividus da livor, marcere ya haifi marcidus, tabere ya haifi tabidus. Hausa ma ta aikatau take bi: koɗe, koɗaɗɗe, koɗewa. Latin na sauya ƙarshen siffa gwargwadon jinsi kamar yadda muke cewa koɗaɗɗe da koɗaɗɗiya, sai dai ita tana da jinsi na uku wanda ba namiji ba mace ba. Shi ya sa ƙwayar cutar tunjere, wadda masanan Jamus Schaudinn da Hoffmann suka gano a Berlin a 1905, aka fara kiranta Spirochaeta pallida, da aka sauya sunan farko daga na mace zuwa na jinsi na uku ta koma Treponema pallidum. An ce mata koɗaɗɗiya ne don da ƙyar take kama rinin da ake sa wa ƙwayoyin cuta kafin a duba su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fassara pallidus da fari. Fatar Rumawa, masu harshen Latin, in jini ya janye daga gare ta rawaya-rawaya take yi, har mawaƙinsu Catullus ya kwatanta wani koɗaɗɗen mutum da gunkin da aka dalaye da zinariya. A wajenmu kuwa, in ka ce wa uwa 'yarta ta yi fari, tana iya ɗauka yabo ne. Ce mata ta koɗe, ko jininta ya yi ƙasa, sannan ka nuna mata inda ake gani: ka ja fatar ido ta ƙasa ta ga cikin ya yi fari fat maimakon ja, ka buɗe tafin hannu, ka duba ƙarƙashin farce da harshe. Kada kuma ka haɗa shi da furu-furu. Wannan aikin hunturu ne da rashin shafa mai, ana shafawa yake tafiya.

Lividus ya fi wuya, domin ba mu da siffa ɗaya da ta yi daidai da shi. Launin dalma ne, shuɗi-shuɗi mai duhu, irin wanda duka ke bari a jiki. Mu dalilin muke faɗa: jini ya kwanta, ko jini ya taru. Wannan ma ya fi amfani a asibiti, tunda a baƙar fata shuɗin ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ya kumbura. Livor mortis da za ka karanta a darasin binciken gawa kwanciyar jini ce bayan mutuwa. Zuciya na tsayawa sai jini ya gangara ɓangaren jikin da ke ƙasa, ya fito fili cikin kamar sa'a 2, bayan sa'a 8 zuwa 12 kuma ya zauna daram, ko an danna da yatsa ba ya gushewa. Wuraren da suka danne ƙasa, kamar kafaɗa da ɗuwawu, ba sa ɗaukar launin saboda jijiyoyin wurin a matse suke. In aka ga jini ya kwanta a baya alhali gawar a kife aka same ta, to an juya ta. Rumawa sun kai kalmar har cikin zuciya: livor a bakinsu hassada ce, mai hassada kuwa lividus. Kada livid ta Ingilishi ta ruɗe ka, ita yanzu fushi mai tsanani ta fi nufi.

Luridus rawaya ce marar daɗin gani, ta ciwo da ta gawa. Mawaƙin Rumawa Lucretius ya ce masu ciwon shawara komai suka kalla haka yake zame musu. Ka ce idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko ka ce shawara kai tsaye, kowa zai gane.

Tabes asalinta narkewa ce, yadda kitse ke narkewa kusa da wuta, sai aka ara wa jikin da ciwo ke ci a hankali. Rama ta yi mata kaɗan, domin mai azumi ma yana ramewa. Ƙanjamewa ce, kuma daga wannan aikatau ne Hausa ta samo ƙanjamau. Amma hattara, tabes dorsalis lalacewar laka ce da tunjere ke jawowa bayan shekaru, in ka ce ƙanjamau a gaban dangi ka sa musu wata cutar daban a rai.

Wata malama mai koyar da ilimin tsirrai a Maradi ta tambayi bambancin flaccidus da marcidus da caducus.

Malama, ɗauki ganyen alayyafo. Da rana ta buge shi ya yi yaushi, ya langaɓe, amma in an ba shi ruwa zai miƙe: flaccidus ke nan. In ya wuce nan ya yanƙwane, ba dawowa, ya zama marcidus. Caducus daga cadere, faɗuwa, shi ne wanda ke kaɗewa ya bar reshe. Masana tsirrai na ce wa ganyen da ya bushe amma ya ƙi faɗuwa marcescens. Farfaɗiya ma da Latin morbus caducus ce, ciwon faɗuwa, kuma tamu kalmar daga faɗi ta fito. Babu wanda ya ara daga wani, abin da ido ya gani kowa ya faɗa.

Tambaya ta ƙarshe ba ta zo da suna ba: wai karin maganar nan "Komai lalacewar masa ta fi kashin shanu", wace siffar Latin ce za ta ɗauki lalacewa a cikinta?

Babu guda ɗaya, kuma laifin faɗin kalmarmu ne. Lalacewa ta haɗa ruɓewa, wato putridus, da tsamin mai ko kitsen da ya kwana biyu, wato rancidus, da ƙazanta, da faɗuwar daraja. Karin maganar kuwa ba masa take nufi ba, ɗan asali take nufi wanda duniya ta juya wa baya. Mafi kusa a nan su ne sordidus da squalidus. Dukansu daga dauɗa suka faro, squalidus da kaushin fata da gashin da ba a gyara ba, sordidus kuma ya zarce har ƙasƙanci da rowa. A Rum wanda ake tuhuma a gaban shari'a yakan sa dauɗaɗɗun tufafi da gangan, ya bar gemu buzu-buzu don alƙalai su ji tausayinsa, ana ce masa sordidatus. In kana fassara karin maganar don aji, sordidus za ka ɗauka, amma ka ƙara wa ɗalibai bayanin cewa a Hausa mai wannan lalacewar bai rasa asalinsa ba, abin da kalmar Latin ɗin ba ta faɗa.