Kwallin dutse da mai juna biyu: in ci gaba da sawa?

Tambaya: Malama, cikina wata shida. Uwar mijina ta sayo mini kwallin dutse a kasuwa, ta ce in riƙa sawa, in na sauka a sa wa jinjiri. Maƙwabciyata ta ce akwai dalma a ciki, wai shi ke sa jarirai yawan kuka. In ajiye ko in ci gaba? Daga wata 'yar'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye shi tun yau. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma a jinin wani jinjiri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, da aka auna kwallinsa sai ga dalma ta haura kashi 80 cikin 100. Kin san yaro: ya murza ido, ya kai hannu baki.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yanzu, tun yana ciki. Dalmar da ke jininki tana ratsa mabiyiya ta isa gare shi, har wadda ta daɗe maƙale a ƙashinki ciki kan taso da ita. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini da hawan jini, ga taɓa ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa sai yaro ya shiga makaranta ake lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta illa ce. Mu ma shaida ne, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan maƙwabtanmu Zamfara.

Batun kuka kuwa, wani bincike daga birnin Meziko a 1995 ya nuna dalma na sauya sautin kukan jarirai, sai dai da na'ura aka auna. Kunnen uwa ba zai rarrabe ba, gwajin jini ne ke faɗa. Ki tayar da maganar a wurin awo, kuma kada ki yi wasa da maganin ƙarin jini da shan nonon shanu, don jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe da na ƙashi ya fi zuƙar dalma. In kina kwaɗayin farar ƙasa, ita ma ki bari.

Jinjiri kada a saya masa kowane kwalli, idonsa ba ya bukata. Ita kuwa Inna don ƙauna ta sayo, ki sa maigida ya yi mata bayani cikin ladabi, ko ku tafi awo tare ta ji daga bakin ungozoma.