Ina goge baki sau uku, amma warin ya ƙi tafiya

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekarata 24. Wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce bakina yana wari, tun ranar sai na kare baki da hannu nake magana. Ina goge haƙora sau uku a rana. An ce min daga ciki ne, har maganin olsa na sha, amma babu sauyi. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙanwata, ki riƙe wannan ƙawar hannu bibbiyu. Da yawa sai dai su kau da kai su yi shiru.

Ki daina shan maganin olsa haka kawai. A cikin mutum 10 masu wannan matsala, 8 zuwa 9 daga bakin nasu take tasowa, ba daga ciki ba. Kin ce kina goge haƙora, amma ba ki ambaci harshe ba, kuma nan nake zargi. Ki tsaya gaban madubi, ki zaro harshe sosai, ki dubi can baya wajen maƙogwaro. Wannan farin dattin da ya kwanta, ƙwayoyin cuta ne ke zaune a ciki. Suna cin ragowar abinci da matattun ƙwayoyin fata, suna fitar da iska mai sinadarin salfa, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ki riƙa kankare shi a hankali kullum, daga baya zuwa gaba, da abin kankare harshe ko buroshi. Kwanakin farko za ki ji kamar amai zai taso, daga baya za ki saba.

Sai tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga. Ki zura zaren sakace tsakanin turame, ki fito da shi ki shinshina. Marasa lafiyana da dama a nan suke gane bakin zaren. Gogewa kuma minti 2 ce, safe da dare, da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), ki sauya buroshi duk wata 3.

Yawu shi ke wanke baki, shi ya sa warin ya fi ƙarfi da an tashi daga barci. Ki yawaita shan ruwa. Alawar minti da ruwan kurkure baki rufe warin suke yi na ɗan lokaci. Tafarnuwa da albasa kuwa ta jini suke bi su fito a numfashi, sai dai a jira su wuce.

In kin yi mako 2 kina haka bai ragu ba, ko dasashinki yana jini, ki je wurin likitan haƙori ya duba kogon haƙori da ciwon dasashi. Idan bakin lafiya lau yake, sai a duba hanci da maƙogwaro, a gwada suga da ƙoda. Ki sake rubuto min in ji yadda kika ƙare.