Me ya sa Landan ke da magajin gari biyu?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Landan na da magajin gari biyu, kuma mene ne aikinsu. Gaskiya ne, amma ba ɗaya suke ba.

Tsohuwar kujerar ta faro tun 1189, a ƙwaryar tsohon birnin, wadda faɗinta bai wuce kimanin mil ɗaya murabba'i ba. A 1215 Sarki John na Ingila ya amince mutanen wurin su riƙa zaɓen magajinsu duk shekara, kuma har gobe wa'adin shekara ɗaya ne. Yanzu yawancin aikinsa bukukuwa ne, da karɓar baƙi, da tallata harkar bankunan birnin a ƙasashen waje.

Mai ƙarfin iko shi ne na biyun, magajin garin Landan baki ɗaya, wanda aka fara zaɓa a 2000. Ken Livingstone ne na farko, sai Boris Johnson, sai Sadiq Khan tun 2016. Motocin bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa na hannunsa, yana kuma sa ido kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Majalisa mai wakilai 25 ke bin diddigin kasafinsa. Kwashe shara kuwa, wadda mutane ke yawan ɗora masa laifinta, aikin ƙananan hukumomi 32 ne.