Amsa ga mai sabon kwikwiyo: ɗauri ba ya sa kare iya gadi

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce an ba ka kwikwiyo ɗan wata biyu don gadin gida, yana yawan cafkar ƙafafun yara, wasu kuma sun ce ka ɗaure shi a bayan gida kada ya saba da kowa, wai ta haka zai yi zafi. Ka kuma tambayi abin da za ka tanada saboda ɓacin rana. Na daɗe ina kiwon karnuka, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Kafin komai, kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan. Karena na farko, Duna, jinkiri ne ya kashe shi. Kullum ina cewa sai an yi albashi. Wata safiya ya ƙi cin abinci, da yamma sai amai, washegari zawo mai jini da wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Na same shi kwance a gindin randa, ya ɗaga kai ya dube ni, ko wutsiya ya kasa kaɗawa. Likita ya ce cutar fabo ce, wata cuta mai kama hanjin ƙananan karnuka, an yi ƙarin ruwa amma ina, kwana uku ya yi. Rigakafinta ana farawa ne tun sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har kusan wata 4. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, don haka kada ya fita yawo sai ya gama allurai.

Allurar haukan kare kuwa a wata 3 ake yi, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura. Ka tabbata daga firij ko cikin ƙanƙara aka ɗauko ta, don zafi yana lalata ta, kuma ka karɓi kati ka adana. Idan kare ya ciji mutum, ko naka ko na wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a kashe karen, a killace shi ana lura da shi kwana 10. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Maganar ɗauri, wallahi kada ka bi ta. Karen da ya tashi a sarƙa bai san kowa ba, tsoro ne ke cinsa, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara ko ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Gadi yana cikin jininsa, zai yi haushi in lokaci ya yi. Abin da kake so shi ne ya san mutanen gida, ya ji kiranka. Cafkar ƙafa wasa ne da ƙaiƙayin haƙori, don wajen wata 4 zuwa 6 yake famfara. Idan ya cafka, yaro ya tsaya cak, kada ya yi gudu ko ihu, sai a miƙa masa tsohuwar igiya mai ƙulli ya ja. Ni bayan la'asar nake jefa wa nawa ƙwallo kamar minti ashirin, ranar da na fasa kuwa takalmin wani ne zai biya. Ka hana yara taɓa shi yana ci ko yana barci. In ya yi gurnani kada ka doke shi, gargaɗi yake yi, wanda aka hana gurnani shi ne mai cizo ba sallama.

Ga bazara kuma. Kare ba ya gumi irin namu, haki yake yi. Kejin kwano a rana a watan Afrilu tanda ne. Inuwa da ruwa kada su yanke. In ka ga haki ya yi yawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa shi da ruwan randa, sai likita.

Tanadi ba shi da yawa: lambar likitan dabbobi a wayarka da ta uwargida, bandeji, auduga, aidin, da ƙyalle mai tsawo na ɗaure baki, don kare mai rauni yana cizon ubangidansa ma. Amma kada a ɗaure bakin wanda ke amai ko haki. Kada ka ba shi maganin ciwon kai ko ciwon jiki na mutane, yana lalata masa hanta da ƙoda. Albasa, cakulan, inabi da dafaffen ƙashin kaza duk a nisanta su. Kaska kuma kada a zuba mata fiya-fiya ko baƙin mai, yana lasa ya mutu, akwai maganinta a wurin likita. Ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi, in ya koma fari fat, jini ne ya yi ƙasa. In ya ci maganin ɓera, ɗauki kwalin ka tafi da shi tare da karen, likita zai so ya ga irin gubar.