Amsoshin Malam: "Biyan buƙata" da masu fakewa da shi

Tambaya daga Funtuwa: Malam, an zargi wani ɗan siyasa da sayen ƙuri'a, sai yaransa suka ce ai ya gina asibiti ya haƙa rijiyoyi, "biyan buƙata ya fi dogon buri". Karin maganar ya zauna a nan?

Bai zauna ba, jawo shi aka yi da ƙarfin tsiya. Magana ce ta ƙana'a: wanda ya samu keke ya hau, kada ya zauna jiran mota. Tsakanin ƙaramin abin da ke hannu da babban da ke cikin rai ake awo, ba a ko taɓo hanyar da aka bi aka samu ba. In dole sai sun yi karin magana, ga wanda ya fi kusa da nufinsu: "Ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba." Sai dai su lura, ransa mai maganar ya sa a caca, ba na jama'a ba. Haka "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne": gwiwarka ce ta taɓa ƙasa, ba ka kwashe ƙafar kowa ba. Na daɗe ina lura da wannan. Bahaushe yana yarje maka ka wahala, ka ƙasƙantar da kai, har ka sayar da rai don buƙata, amma da an zo kan cutar wani sai harshensa ya sauya: ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ramin mugunta a gina shi gajere.

Masu ɗan karatu kuma sukan fake da larura, wai tana halatta haram. Malaman fiƙihu da suka faɗi haka sun ɗaure ta da sharaɗi: gwargwadon larurar kawai. Mai jin yunwar mutuwa ya ci mushe ya ceci ransa, ba ya buɗe mahauta ba. Rasa kujera kuwa bai taɓa kashe kowa ba. Sojojin da suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 a Najeriya ma gyara suka ce sun zo yi, za su kawar da masu cin hanci. Aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a watan Yuli aka yi ramuwa, daga 1967 zuwa 1970 ƙasa tana cikin yaƙi. Mai cewa ƙarshe zai wanke hanya yana magana ne kamar shi ke riƙe da ƙarshen.

Tambaya daga Maraɗi: Da gaske siyasa na nufin yaudara?

Kai, wannan na ɓata mini rai! Kalmar Larabci ce, tushenta kula da dabba, musamman doki, da sarrafa shi cikin lallashi. A tsohuwar Hausa, in an ce "yi masa siyasa", nufi a bi shi a hankali, a sassauta masa. Yau yaro zai dube ka ya ce "kada ka yi mini siyasa", wai kada ka yaudare shi. Ban ce a hana harshe tafiya ba, amma a san cewa halin masu sana'ar ne ya ɓata wa kalmar suna.

Tambaya daga Kumasi: Mene ne bambancin dabara da wayo?

Dabara kan matsala ake yin ta, wayo galibi kan mutum. Shi ya sa ake cewa an yi wa wane wayo.

Tambaya daga Gusau: Gaisuwa da toshiyar baki ɗaya ne?

A baki, a'a. A zauren mai mulki kuwa, tun a zamaninsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa sarakuna cikin abubuwan da ya soka.

Tambaya daga Kano: Magudi ko maguɗi?

Maguɗi, da ɗ mai lanƙwasa. A gyara allon waya.