Tambayoyinku: Manhajata ta fara cin kaya tun da na raba mata aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata tsohuwar manhaja ta harshen C, da ita wani kantin magani a nan Garwa ke lissafin kayansa. Fayilolinta sun haura ɗari uku, wanda ya rubuta ta kuwa tuni ya koma Injamena. Da aka ƙara kwamfutoci a kantin, sai na raba aikin ga zaruruwa huɗu, wato threads, rassan manhajar masu gudana lokaci guda. Tun daga nan, wani sa'in a sayar da kwali biyu, manhaja ta cire ɗaya. An ce mini guraben ajiya na gama-gari, wato global variables da kowane sashen manhaja ke iya taɓawa, su ne sila. Yaya zan zaƙulo su duka?
Wani mai karatu, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya faɗa maka haka ya hango gaskiya. Rage ɗaya daga adadi layi guda ne a rubuce, amma kwamfuta sau uku take motsawa: ta karanta, ta rage, ta mayar. Kamar yaran kanti biyu ne da littafi ɗaya. Wannan ya leƙa ya ga kwali 10, wancan ma ya leƙa ya ga 10, kowa ya sallami mai saye, kowa ya rubuta 9.

Kada ka bi fayiloli ɗari uku da ido. Abin da GCC, wato manhajar da ke harhaɗa rubutun C, ya riga ya harhaɗa za ka tambaya, wato fayilolin .o. Shiga inda fayilolin .o suke ka buga:

nm -A *.o | grep " [BbCDd] "

Jerin gurabe zai fito, kowane suna da harafi a gabansa. Harafin D na nufin gurbin da aka ba ƙima tun farko, B wanda aka bari ya fara da sifili. Harafin C, shi ma gurbin da ba a ba ƙima ba ne, za ka fi ganinsa idan GCC ɗinka ya girmi na 10, wanda ya fito a 2020. Masu R na karantawa ne kawai, ƙyale su.

Ƙananan haruffan nan, b da d, su nake so ka zuba wa ido. Su ne masu static, har da waɗanda ke kwance a cikin wani aiki na manhajar (function), suna kama da na gida alhali kowane zare na taɓa su. Sun taɓa hana ni barci kwana uku a Ngaundere: rasit na fitowa da ranar wani rasit daban, ashe wani ɗan gurbi ne na rubuta kwanan wata, static, zaruruwa biyu na rige-rigen cika shi. Har yau ina tuna kunyar da na ji gaban mai shagon.

In jerin ya fito, ba duka ne abokan gaba ba. Wanda ake cikawa sau ɗaya kafin zaruruwa su tashi, bar shi. Wanda kowane zare ke bukatar nasa, sa masa _Thread_local, yana cikin C tun ƙa'idar 2011. Adadin kaya kuwa dole a yi tarayya a kansa, sai kwaɗo, wato pthread_mutex. A kulle tun daga duba ko kayan sun isa har zuwa rubuta ragowar. Kulle rubutun kaɗai bai hana yaran nan biyu ganin 10 ba.

Akwai kuma waɗanda wannan jerin ba zai nuna maka ba, don a ɗakin karatun C suke zaune, wato tarin ayyukan da ke zuwa tare da harshen: guraben strtok da localtime. Musanya su da strtok_r da localtime_r.

Daga nan ka sake harhaɗa manhajar da -g da -fsanitize=thread, ka sa zaruruwan huɗu su yi ta sayar da magani iri ɗaya. Duk inda biyu suka yi karo, mai sa idon da -fsanitize=thread ke dasawa a manhajar zai faɗa maka fayil da layi. Sai dai yana rage gudu kamar ninki 5 zuwa 15, kuma hanyar da gwajinka ya bi kaɗai yake gani. Saboda haka a gida za ka yi shi, da kwafin bayanan kantin, ka haɗa har da mayar da kaya da rufe lissafin dare.